Kafin A Ƙara Zuba Kankare, A Fara Horar Da Masu Gina Magudanan Ruwa

Da asubahin Alhamis, 29 ga Mayun 2025, ruwa ya afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa a garin Mokwa na jihar Neja, ya tarar da yawancin mutane a kan shimfiɗa. Cikin 'yan kwanaki aka tattara gawa fiye da 150, wasu da dama kuma aka neme su sama ko ƙasa aka rasa. Da fari an zargi madatsun ruwan Kainji da Jebba, amma gwamnatin tarayya ta ce babu hannunsu a ciki. Abin da rahotanni suka bayyana daga baya shi ne, ruwan sama ne ya taru a bayan tudun da aka cike domin layin dogo, saboda kwalbatin da zai bi ya wuce ya toshe. Da ya yi ƙarfi sai ya ɓalle, ya gangaro wa unguwannin a lokaci guda.

Duba kwalbati kafin faɗuwar damina aikin yini guda ne ga wanda ya san abin da yake dubawa. Sai dai dole a sami mutumin tukuna: wanda aka ɗora wa alhakin, aka koya masa aikin, aka ba shi kayan awo da littafin rubuta abin da ya gani, kuma aka san sunansa idan abu ya lalace. A garuruwan Arewa da dama da wuya a nuna shi da yatsa. Akwai ma'aikatun ayyuka da na muhalli, akwai hukumomin tsara birane, akwai injiniyoyi masu digiri, amma waɗanda aka horar musamman a kan yadda ruwan sama yake tafiya a cikin gari, da yadda ake hana shi cin ƙasa, sun yi kaɗan ƙwarai idan aka dubi girman aikin.

Wannan giɓin ya kamata gwamnoni da majalisun jihohi su fara toshewa. Kowace shekara ana kashe maƙudan kuɗi wajen zuba kankare, bayan ɓarna kuma a raba shinkafa da katifu da bandir ɗin kwano. Da za a yanki kaɗan daga cikin kuɗin a horar da masu zana magudana, da masu gina ta, da masu duba ta, sannan a mayar da shaidar horon sharaɗin samun kwangila, da kankaren ya fi daɗewa, rayuka da dukiya kuma sun fi tsira.

Ambaliya iri-iri ce, kowace da maganinta. Wadda ta mamaye Maiduguri a ranar 10 ga Satumbar 2024, ta shiga fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, daga madatsar Alau ta fito. Wadda ke cinye gonakin Haɗeja da Auyo tumbatsar kogi ce. Waɗannan suna buƙatar kula da madatsu da yashe koguna. Amma akwai ta uku, wadda ta fi yawan aukuwa kuma aka fi raina ta: ruwan da ya sauka a kan garin kansa, ya rasa inda zai shiga. Ita ce ke rusa katangu a Kano, ta tsayar da motoci a Kaduna, ta yanke tituna a Maraɗi da Damagaram, kuma ita ce ta fi saurin jin magani idan an sami masu sani.

Lissafinta ba shi da wuya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Filoti mai ƙafa 50 da 100 ya kai murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Idan aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, filotin nan kaɗai ya karɓi lita fiye da 23,000, wato jarka mai lita 25 sama da 900. A lokacin da wurin yake gona, ƙasa ke shanye mafi yawan ruwan, ciyawa da bishiyoyi su riƙe saura. Yau an rufe rabinsa da kwano, an shafe tsakar gida da siminti ko intalok, an huda katanga an fitar da bututu zuwa layi. Maƙwabci ma haka ya yi, na gaba da shi ma haka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe tana amfani da wani ƙiyasi: a filin da ba a taɓa ba, kusan kashi 10 cikin ɗari na ruwan sama ne ke gudu a doron ƙasa, a wurin da gini da kwalta suka rufe kuwa yakan kai kashi 55. Saboda haka lambatun da ya ishi unguwa shekara ashirin da suka wuce ba zai ishe ta yau ba, ko da ba a jefa leda ko ɗaya a cikinsa ba.

Birnin Kano ya taɓa mallakar nasa tsarin na riƙe ruwa, ko da ba injiniya ne ya zana shi ba. Ramukan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa su ne suka zama kududdufai, suna karɓar ruwan unguwanni idan an yi mamako, abin da ya yi saura ya gangara rafin Jakara a hankali. Cikin shekarun baya-bayan nan an cike da yawa daga cikinsu da shara da ɓaraguzai, aka yanka filotai, aka kafa shaguna. Gaskiya ne kududdufi yana da illa: matattarar sauro ce, kuma ya sha cin yara. Amma mai tsara gari da ya sami horo ya san akwai hanya ta uku tsakanin barin sa haka da cike shi. Ana iya kewaye shi, a gyara bakinsa, a yi masa mashiga da mafita, ya riƙe ruwa na 'yan awoyi ya sake shi kaɗan-kaɗan, da rani kuma ya bushe ya zama filin wasa. Biranen da suka ci gaba kuɗi suke kashewa suna haƙa irin waɗannan tafkuna. A nan gado aka samu aka binne. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa da dama kuma suka ɗora laifin a kan shagunan da aka gina a kan hanyar ruwa.

Ruwan kansa ma ya sauya hali. A shekarar 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa binciken da Christopher Taylor na Birtaniya ya jagoranta, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wannan ya zo ne bayan farin shekarun 1970 da 1980, lokacin da fadamu da kwaruruka suka daɗe a bushe har mutane suka sakankance suka gina gidaje a cikinsu. Ruwa ya dawo ya tarar da hanyarsa cike da ɗakuna.

A nan ne maganar horo ta fi tsanani. Injiniyan da zai fitar da faɗin magudana yana buƙatar sanin abu uku: girman filin da ke turo ruwa, kason da ƙasar wurin ba za ta shanye ba, da kuma ƙarfin ruwan da ke iya sauka cikin ɗan gajeren lokaci. Na ukun ne mai wahala. Magudana ba ta damu da jimillar ruwan shekara ba, abin da ya sauka cikin minti talatin shi ne ke cika ta ko ya fi ƙarfinta. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka daɗe ana dogaro da su a Najeriya a wannan fanni shi ne na Farfesa Lekan Oyebande, wanda aka wallafa a 1982, wato a daidai shekarar da binciken Taylor ya fara ƙirga. Wanda ya zana kwalbati yau da alƙaluman wancan zamani, bai sabunta su ba, ya yi wa ruwan jiya tanadi ne. Haka kuma jama'a da ma wasu ma'aikata kan fahimci "ruwan shekara goma" da cewa idan ya zo bana an huta sai bayan shekara goma. Ma'anarsa ita ce kowace damina akwai yiwuwar ɗaya cikin goma ya sauka, kuma yana iya zuwa bana ya dawo baɗi. Jami'in da ke sa hannu a takardar izinin gini ya kamata ya san wannan kamar yadda ya san sunansa.

Ɗaya fuskar matsalar ita ce zaizayar ƙasa, kuma a Arewa babu inda ya fi Gombe nuna ta a fili. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 yake faɗaɗa a kan ƙasa mai yashi, mai gangara daga tuddan yamma zuwa gabas. Aka sare bishiyoyin tudu, aka yi gidaje da tituna, ruwan da a da yake nutsewa a can sama ya koma gangarowa da gudu. Sakamakon shi ne kwazazzabai da suka ratsa tsakiyar unguwanni, suna cin gidaje da maƙabartu, suna raba maƙwabci da maƙwabci. An kashe kuɗi masu yawa wajen ɗaure na yankin jami'ar jihar da Malam Inna, da kuma na wajen kwalejin horar da malaman fasaha ta tarayya, jihar kuma ta ƙaddamar da shirin dashen bishiyoyi. Ayyuka ne da suka cancanci yabo. Amma ya kamata a tambayi yadda kwazazzabo yake farawa, don kada a ɗaure ɗaya wani ya buɗe a bayansa.

Sau da yawa daga bakin magudanar titi yake farawa. Ɗan kwangila ya gina lambatu mai kyau na kankare, ya tattara ruwan unguwa guda a ciki, kankaren ya ƙara masa gudu saboda santsi, sai kuɗin kwangila ko tsawon titin ya ƙare, a saki ruwan a kan tsurar ƙasa. Damina ɗaya ta isa ya haƙa rami a wurin. Daga nan ramin yakan riƙa ci da baya, yana rarake ƙarƙashin lambatun, kankaren ya karye ya faɗa, bakin ramin ya matso kusa da titi. Maganin sananne ne ga wanda aka koya wa: a kai ruwan har inda ƙasa ta tsaya da ƙafarta, a yi masa matakala da kwarmin da zai karya ƙarfinsa, a jera ragar waya cike da duwatsu, a dasa jema ko gamba a gefe don saiwoyinsu su kama ƙasar. Kuɗin waɗannan bai kai komai ba a kan kuɗin gyaran kwazazzabon da ya yi zurfin bene. Abin da ke hana yin su shi ne ba a sa su a zane ba, mai duba aikin kuma bai san ya tambaya ba.

Wuraren gini ma suna da nasu kason. Tifa ta juye yashi a bakin titi, mai gini ya tone harsashi ya tara ƙasar a gefen kwata, katafila ta share fili mai faɗi ta bar shi tsirara ana dab da damina. Ruwan farko zai kwashe su duka ya zuba a magudana. Duk wanda ya taɓa leƙa lambatun da aka yashe ya san yashi da laka sun fi leda yawa a ciki. Bayan an yashe kuma sai a tara dattin a bakin kwatar, a bar shi kwana da kwanaki, ruwa na gaba ya mayar da shi inda aka ɗebo shi. Matasan unguwa da ke fitowa aikin gayya sun yi iya nasu. Wanda ya gaza shi ne jami'in da ya kamata ya tsara aikin tare da motar kwashewa a rana ɗaya.

Ba za a ce ba a kashe kuɗi ba. Tun 1981 Najeriya take da asusun kula da matsalolin muhalli. A 2012 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda ya fara da jihohi bakwai na Kudu, daga baya ya haɗo da Kano da Gombe da Katsina da wasu jihohin Arewa. A Disambar 2021 aka amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, mai aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja. Dokoki ma akwai su: dokar tsara birane ta 1992, da dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ita ma ta 1992, da manufar ƙasa kan zaizaya da ambaliya ta 2005, da ƙa'idojin da hukumar NESREA ta fitar a 2011 kan zaizayar ƙasa da kuma harkar gine-gine. Irin waɗannan manyan shirye-shirye suna horar da ma'aikatansu, babu shakka. Sai dai ofishin shiri yana da ranar rufewa. Kamfanin da ya yi zane daga nesa yake zuwa, yana gamawa ya koma. Wanda za a bar wa magudanar shekara talatin masu zuwa shi ne sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da injiniyan shiyya na ma'aikatar jiha, kuma su ne aka fi mantawa da su idan ana rabon ilimi.

Wasu ƙasashe sun gane haka tun da wuri. A Amurka, gyaran da aka yi wa dokar tsaftar ruwa a 1987 ya shigar da ruwan saman da ke gudu daga birane da wuraren gini cikin abubuwan da sai da izini. A yau duk wanda zai share fili mai girman eka ɗaya zuwa sama, wato kusan filoti tara, sai ya rubuta tsarin yadda zai hana ƙasar wurin bin ruwa: inda zai kafa shingen tare laka, inda zai haƙa ramin kwantar da ita, da lokacin da zai rufe tsurar ƙasa da ciyawa. Ana duba wurin a kai a kai, da kuma bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Jihar Jojiya ta ƙara da wani abu mai sauƙin kwaikwayo. Mai kula da aikin tonon ƙasa a wurin gini sai ya halarci ajin yini guda, ya ci jarrabawa, a ba shi kati mai launin shuɗi, kuma bayan shekara uku sai ya sabunta. Masu duba aiki da masu zane suna da nasu matakin da ya fi wannan zurfi.

Wanda zai ce Amurka ta yi nisa, ga Malesiya, ƙasa mai ruwan sama da ya ninka na Kano. A shekarar 2000 ta fitar da kundin jagora guda na magudanan birane, wanda ya sauya tunanin injiniyoyinta daga korar ruwa da gaggawa zuwa riƙe shi a inda ya sauka. Ƙa'idar ita ce sabon gini kada ya turo wa na ƙasa da shi ruwan da ya fi wanda filin yake turowa kafin a gina shi. Da wannan ƙa'ida kaɗai za a yi aiki a sababbin rukunin gidajen da ke tasowa a gefen Kano da Kaduna da Abuja, da tsofaffin unguwannin da ke gangare sun sami sauƙi.

Ba kuma sai an ƙetare teku ba. A yankin Adar na jihar Tawa a Nijar, shirin Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya koya wa dubban mutanen karkara, akasarinsu mata, yadda ake jera duwatsu a kan gangare, a haƙa ramukan tare ruwa, a datse ƙoramu da ƙananan shingaye. Manoman Illela da Badagishiri sun shahara da tassa da rabin-wata, dabarun da suka farfaɗo da fako ya koma gona. Tushen ilimin ɗaya ne da wanda birni yake nema: a rage wa ruwa gudu, a baza shi, a ba shi damar nutsewa. Idan matan Keita sun koyi wannan da Hausa, suka aiwatar da shi da hannunsu, babu dalilin da zai sa a ce birkila da lebura a Gusau ko Azare ba za su koya ba.

Horon da ake buƙata mataki uku ne. Na farko na injiniyoyi da masu tsara birane ne: makonni kaɗan na aiki tuƙuru a kan lissafin ruwa da sababbin alƙaluman hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da amfani da taswirar tudu da gangare a kwamfuta, da zana tafkunan riƙe ruwa da mafitar magudana. Jarrabawarsu ta kasance zanen wata unguwa ta gaske a jiharsu. Na biyu na masu duba aiki ne da jami'an ba da izinin gini da ma'aikatan sashen ayyuka na ƙananan hukumomi: yadda ake karanta zane, yadda ake auna gangaren lambatu don kada ruwa ya kwanta a ciki, alamomin kwalbatin da ya fara rarakewa, da yadda ake rubuta rahoton da zai tsaya a gaban kotu. Na uku na fomen ne da birkiloli da direbobin katafila da tifa, na yini ɗaya ko biyu, da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, a bakin aiki maimakon ɗakin taron otal. A wannan mataki ya kamata a jawo masu unguwanni da dagatai, domin da saninsu ake cinikin filaye, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dattijon da ya shekara sittin a unguwa zai nuna wa injiniya tsohuwar hanyar ruwan da babu ita a kowace taswira.

Wuraren koyarwa ba sai an gina sababbi ba. Cibiyar nazarin albarkatun ruwa ta ƙasa tana Kaduna tun 1979, kuma horar da ma'aikatan ruwa na cikin dalilan kafa ta. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen injiniyancin ruwa da muhalli, ga jami'ar Bayero, ga ta Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, ga ta fasaha a Minna, ga kwalejojin kimiyya da fasaha a kusan kowace jiha. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET da ke horar da masana ruwa da yanayi na ƙasashen Sahel tun 1974. Hukumar COREN kuwa, mai yi wa injiniyoyi rajista, tana da iko a kan injiniya da mai fasaha har zuwa mai sana'ar hannu, don haka tana iya sa wannan horo cikin sharuɗɗan sabunta lasisin duk mai aikin titi da magudana. Hukumar rajistar masu tsara birane ma tana iya yin haka ga nata mutanen.

Akwai masu cewa matsalar ba ta rashin sani ba ce, ta son zuciya ce: jami'in da ya ba da izinin gini a kan hanyar ruwa ya san abin da yake yi, wani babba ne ya bugo masa waya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma horo ba ya sauya zuciyar da ta ƙudurci cin amana. Amma yana sauya abin da zai biyo baya. Idan doka ta ce kowane zanen magudana da kowane izinin gini a gangare sai da sa hannun mai lambar shaida, to ranar da ginin ya jawo ɓarna an san wanda za a kira, kuma yana da abin da zai rasa. Jami'i mai gaskiya shi ma ya sami abin kare kansa: zai iya ce wa mai matsa masa lamba, "Ranka ya daɗe, lasisina ne zai tafi." A halin da ake ciki yanzu laifin yana narkewa ne a tsakanin ofisoshi har a rasa mai shi.

Wasu kuma za su ce shara ce tushen komai, a hana mutane zuba ta a kwata a huta. Hana zuba shara wajibi ne, amma mutumin da babu motar kwashe shara a unguwarsu zai ci gaba da jiran hadari ya haɗo ya juye bolarsa a lambatu. Mai zane da ya san aikinsa yana sa wannan a lissafi: ya sa ragar tare tarkace a bakin kwalbati, ya bar ƙofofin yashewa a magudanar da aka rufe, ya yi ta da faɗin da mutum zai iya shiga da shebur. An sha rufe doguwar magudana da kankare babu ko ƙofa ɗaya, ranar da ta toshe sai an fasa ta da guduma.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi cancanta a saurara: kada abin ya zama wani taron bita na cin abinci da karɓar alawus, a raba takardar shaida ga wanda ko ajin bai shiga ba. Hanyar kauce wa wannan ita ce a raba mai koyarwa da mai jarrabawa, a wallafa sunayen waɗanda suka ci a intanet inda kowa zai gani, a sa wa shaidar wa'adin shekara uku, a kuma ƙwace ta daga wanda aikinsa ya rushe saboda sakaci. Shaidar da ba a taɓa ƙwacewa daga kowa ba, ba za a ɗauke ta da daraja ba.

Gwamna ba ya buƙatar jiran Abuja kafin ya fara. Umarni ɗaya ga hukumar ba da kwangila ta jiha ya isa: daga shekara mai zuwa, kamfanin da ba shi da injiniya da fomen masu wannan shaida ba zai shiga takarar aikin titi ko magudana ba, kuma ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai aikin ya ga damina guda an duba mafitarsa. Majalisar jiha tana iya mayar da umarnin doka don kada ya tafi da wanda ya kawo shi. Lokacin yin horon kuma sananne ne, daga Nuwamba zuwa Afrilu, kafin NiMet da hukumar NIHSA su gama fitar da hasashensu na damina da ambaliya, ta yadda gargaɗin zai tarar da mutanen da suka san abin da za su yi da shi a kowace ƙaramar hukuma.

Kuɗin farawa yana nan a hannu. ACReSAL shiri ne na shekara shida, kuma mafi yawan wa'adinsa ya riga ya tafi. Dala miliyan 700 ɗin nan rance ne da 'ya'yan talakawan jihohin nan za su biya nan gaba. Kwamishinonin muhalli da na ayyuka na jihohi 19 suna da damar zama da masu kula da shirin tun yanzu, su nemi a ware kason da zai kafa manhaja ɗaya, da jarrabawa ɗaya, da rukunin farko na malaman da za su ci gaba da koyar da ita a Kaduna da Zariya da Kano da Bauchi bayan an rufe ofisoshin shirin.